Yaron da ke dafa cinyoyinsa kafin ya miƙe, a yi masa awon jini na CPK

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, muna roƙon ka ba mu fili mu yi magana a kan wata cuta ta ƴaƴa maza da ba ta da suna a Hausa, shi ya sa ake ara mata sunan wasu. Wani ya ce shan inna, wani ya ce iska ce ta taɓa shi, wani ya ce sangarta ce kawai da son goyo. A takardun likita ana rubuta sunanta Duchenne, ana faɗa Dushen, sunan likitan Faransa da ya bayyana ta a shekarun 1860. A duniya ana samunta a cikin ɗa namiji ɗaya daga 3,500 zuwa 5,000 da aka haifa. A Nijar ana haihuwar jarirai sama da miliyan guda a shekara, rabinsu maza, don haka lissafi kaɗai ya nuna yara sama da 100 ne ke zuwa duniya da ita kowace shekara a ƙasar nan. Daga Tawa zuwa Ƙonni, Madawa, Keita da Illela, da wuya a ce babu su, sai dai ba a kira ciwonsu da sunansa ba.

Ga yadda ake gane ta, ba da na'ura ba, a kan tabarma. A zaunar da yaro ɗan shekara huɗu ko biyar a ƙasa, nesa da bango da turmi da duk abin da zai kama, a ce ya tashi. Lafiyayyen yaro zumbur yake miƙewa. Mai Dushen sai ya fara juyawa ya yi rub da ciki, ya kafa hannu da gwiwa kamar mai rarrafe, ya ware ƙafafu, ya ɗaga ɗuwawu sama kansa na ƙasa, sannan ya ɗauke hannu ɗaya ya dafa gwiwa, ya ɗauke ɗayan ya dafa cinya, ya yi ta hawa jikinsa da hannuwansa har ya miƙe a gantsare. Likitan Ingila William Gowers ya zana wannan tashin a 1879, har yau da sunansa ake kiransa. Sai a duba sharaɓarsa. Za a gan ta jibgegiya, mai tauri kamar roba, alhali cinya da ɗuwawu suna ramewa. Iyaye kan yi murna da wannan sharaɓar su ce yaro zai yi ƙarfi, ba su san kitse ne da tabo suka cike gurbin tsoka ba. Tafiyarsa ta agwagwa ce, ciki gaba, a kan ƴan yatsu, dunduniya ba ta son taɓa ƙasa. Ba ya iya tsalle da ƙafa biyu, ba ya iya gudu na sosai, kuma in aka tambayi uwa sau da yawa za ta ce bai fara tafiya ba sai da ya wuce wata 18, ko kuma bakinsa ya yi nauyi wajen fara magana.

Shan inna ba haka take zuwa ba. Ita farat ɗaya take kayar da yaro cikin kwanaki, galibi bayan zazzaɓi, ta fi cin ƙafa ɗaya, ƙafar ta saki ta shanye ta sirance, daga nan ciwon ya tsaya inda ya tsaya. Haka ma ƙafar da allurar ɗuwawu ta taɓa wa jijiya, gefe ɗaya ce kuma an san ranar da abin ya faru. Dushen kuwa a hankali take ci, gefe biyu daidai wa daida, daga ƙugu da cinya take farawa, kuma bana ta fi bara. Duk yaron da bai kai shekara 15 ba da ƙafarsa ta saki kwatsam, a kai rahoto a ɗauki kashinsa sau biyu don awon shan inna kamar yadda aka saba, wannan yana nan daram. Amma wanda ya shekara biyu yana faɗuwa yana ƙara faɗuwa, awon jini yake bukata.

Tushen abin wani furotin ne da ake kira distirofin. Tsoka tarin zarurruka ce, kowane zare ƙwayar halitta ce guda, doguwa, lulluɓe da tantani siriri ƙwarai. A ciki akwai furotin biyu da ke yin aikin ja, aktin da miyosin. Miyosin ya kama aktin ya ja, zare ya gajarce, hannu ko ƙafa ta motsa. Sai dai duk ƙarfin nan da ake yi a ciki dole ya ratsa tantanin ya isa ga jijiya da ƙashi, kuma tantanin shi kaɗai ba zai iya ɗauka ba. Wanda ya taɓa kafa danga ya san abin. Zana ba ta tsayawa don kanta, sai an kafa dirka, an yi tanka, an ɗaure da igiya. Ranar da iskar farkon damina ta taso, dangar da ba a ɗaure ba ita ke yagewa. Tantanin zaren tsoka shi ne zana, aktin da ke shimfiɗe a ƙarƙashinsa shi ne tanka, distirofin kuma igiya. Bakinsa ɗaya yana riƙe da aktin. Tsakiyarsa doguwa ce mai gaɓoɓi 24 masu kama da juna, tana miƙewa tana komawa, ita ke shanye fizgar. Ɗaya bakin yana riƙe da wani furotin mai suna distirogilaikan da ya huda tantanin ya fita waje ya kama laminin, wato shimfiɗar da ke kewaye da zaren. Yawansa a tsoka bai taka kara ya karya ba, wajen kashi 0.002 cikin 100 na furotin ɗinta, amma in babu shi komai ya kwance.

In babu igiyar, duk jan da tsoka ta yi sai tantanin ya ɗan tsage. Abu biyu ke faruwa ta wannan tsagar. Kalsiyam, wanda yawansa a wajen zare ya ninka na ciki sau 10,000, yana kwarara ciki ya tayar da sinadaran da ke narkar da furotin, zaren ya mutu. Abin da ke ciki kuma yana tsiyaya waje ya shiga jini. A farkon rayuwa jiki yana ta gyara, yana haifar da sababbin zarurruka, shi ya sa yaro ɗan shekara uku zuwa shida kan yi kamar yana samun sauƙi, iyaye su ce maganin da aka karɓo ya karɓe shi. Girma ne kawai yake tsere da ɓarna. Daga wajen shekara bakwai gyara ya gaza, kitse da tabo su mamaye. In ba a yi komai ba, yawancinsu kan daina tafiya kafin shekara 13.

Abin da ke tsiyaya cikin jinin shi ne ya ba mu awo mai sauƙi. A takardar awo ana rubuta shi CPK ko CK. Na lafiyayyen yaro bai cika wuce 200 a lita ba. Na mai Dushen ɗan shekara uku zuwa biyar yakan haura 10,000, wani ya kai 30,000, kuma tun yana jariri yake sama. Ba sai an hana yaro abinci ba kafin a ɗibi jinin. Ga ƴan'uwanmu na ɗakin awo, wurare biyu ake tuntuɓe. Na farko, yawancin injunan da ake da su ba sa karanta abin da ya wuce 1,000 ko 2,000 daidai, don haka in takarda ta ce ana zargin ciwon tsoka, a sirka ruwan jinin da ruwan gishirin asibiti, ɗaya cikin goma ko ma ɗaya cikin ashirin, a sake aunawa a ninka. In ba haka ba inji zai ba da adadi ƙarami mai kwantar da hankali, kuma ƙarya ne. Na biyu, CPK ba ya jure zafi da haske. Kwalbar da ta wuni a kan tebur a watan Afrilu a Tawa ba za ta faɗi gaskiya ba. A ware ruwan jinin da wuri, a ajiye a sanyi tsakanin digiri 2 da 8 in ba yau za a auna ba. Allurar tsoka, farfaɗiya ko zazzaɓin cizon sauro mai tsanani suna ɗaga CPK su ma, amma na ƴan kwanaki ne, in an maimaita bayan mako biyu ya sauka. Na Dushen ba ya sauka, sai can da girma lokacin da tsokar da za ta tsiyaye ta ƙare.

Akwai wani tarko da ya shafe mu musamman, mu da ciwon hanta ya yi wa katutu. Sinadaran da ake rubutawa ASAT da ALAT, waɗanda kowa ya sani da awon hanta, tsoka ma tana da su, kuma suna fita ta tsagar nan. Sai a ga na yaro ya kai 300 ko 500, a ɗora shi a kan ciwon hanta, a hana shi mai da nama, a yi ta jiƙa masa saiwoyin shawara, alhali hantarsa lafiya lau. Ɗa namiji ƙarami da ASAT da ALAT suka hau, idonsa bai yi ɗorawa ba, GGT ɗinsa, wani awon hanta da tsoka ba ta ɗagawa, yana daidai, a auna masa CPK kafin a ce komai.

Tabbatarwa sai da awon ƙwayar gado. Ƙwayar gadon distirofin tana kan kurumosom X, ɗaya daga cikin ƙunshin gado da ke cikin ƙwayar halitta, kuma tana cikin mafiya tsawo da aka sani a jikin ɗan Adam, harufa sama da miliyan 2, a yanke gida 79 da ake kira ekzon. Daga nan aka samo ranar 7 ga watan 9 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa cutar. Louis Kunkel da abokan aikinsa a Boston ta Amurka suka gano ƙwayar a 1986, furotin ɗin kuma a 1987. A wajen kashi biyu cikin uku na yaran, ekzon ɗaya ko fiye ne ya ɓace ɗungurungum. A wajen ɗaya cikin goma an maimaita wani yanki ne, saura kuwa ƙaramin kuskure ne na harafi ɗaya ko kaɗan. Abin mamakin shi ne ba girman abin da ya ɓace ke yanke hukunci ba. Jiki yana karanta saƙon harufa uku-uku. Ɗauki YAU ALI ZAI KAI MAI CAN. Cire harufa uku, MAI, ya zama YAU ALI ZAI KAI CAN, magana ta gajarce amma ana ganewa. Cire harafi ɗaya tak, L na ALI, ka sake rabawa uku-uku: YAU AIZ AIK AIM AIC AN. Shirme. Na biyun shi ne Dushen, ba a samun igiya ko kaɗan. Na farkon shi ne ƙanwarta mai sauƙi, cutar Beka, daga sunan likitan Jamus Becker da ya bayyana ta a 1955. A can igiyar gajeriya ce amma bakinta biyu suna riƙe, mutum yakan wuce shekara 16 yana tafiya, wani har tsufa. Awon da ke ƙirga gidajen nan 79 sunansa MLPA. Jini kaɗan yake bukata a kwalba mai murfi shunayya, kuma yana jure tafiya in za a aika nesa. Amma kada a zauna jiran sa. Tashin Gowers, jibgegiyar sharaɓa da CPK na dubbai sun isa a fara kula da yaro.

Yanzu maganar da ke raba aure. Namiji X ɗaya gare shi, daga uwa ya samo, uba Y ya ba shi. Mace biyu gare ta, in ɗaya ya lalace ɗayan ya rufa mata asiri. Don haka gaskiya ne ta wajen uwa abin ke bi, ba za mu ɓoye ba. Amma a wajen yaro ɗaya cikin uku, uwar ba ta ɗauke da komai a jininta, kuskuren sabo ne, a kansa ya fara. Wadda ke ɗauke da shi kuma ba ta zaɓa ba, ba ta ma sani ba, ita ma gada ta yi ko a kanta ya fara. Mijin da ya kore ta da sunan ta kawo mugun iri ya bar yaro ba mai ɗaga shi ne kawai. Lissafin shi ne: kowane ciki na namiji rabi da rabi ne, ko ya samu ko ya tsira, kowane ciki na mace rabi da rabi ne ta zama mai ɗauke da shi. Ciki ba ya tuna na baya, samun ɗaya mai ciwo ba ya kare na gaba. Wa ko ƙanen da ya tashi lafiya ba ya ɗauke da komai, ƴaƴansa ba abin da zai same su. Ƴaƴan kishiya ma haka. In ana tambayar tarihi, dangin uwa ake bi: ko akwai kawun da ya zauna yana ɗan shekara goma ya rasu yana saurayi, ko ƴaƴan yayyenta da ƙannenta mata. Auren zumunci ba shi ke kawo Dushen ba. Sai dai akwai wata mai kama da ita sak, da ke zuwa in furotin sarkogilaikan, maƙwabtan distirofin a tantanin, suka lalace. An fi saninta a Tunisiya da sauran ƙasashen Magrib, daga uwa da uba duka ake gadonta, kuma tana kama mata. In aka ga yarinya da alamun nan a gidan da iyaye ƴan'uwa ne, ita za a fara tunani.

Maganin warkewa babu. Wanda ya ce yana da shi, a kasuwa ko a waya, kuɗi yake so. Amma akwai abin da ke ƙara wa yaro shekara biyu zuwa uku a kan ƙafarsa, ya jinkirta karkacewar baya, ya kare numfashi da zuciya, kuma yana cikin magunguna mafi araha a farmasi. Sunansa a kwali prednisone ko prednisolone, miligiram 0.75 a kowane kilo na nauyin yaro, sau ɗaya a rana, da safe bayan ya ci abinci. Yaro mai kilo 20 zai sha miligiram 15, wato ƙwaya uku ta miligiram 5. In deflazacort ne, miligiram 0.9 a kowane kilo. Ana farawa yana da ƙarfinsa, galibi tsakanin shekara huɗu da shida, ba sai ya fara zubewa ba, domin maganin yana riƙe abin da ke nan ne, ba ya dawo da wanda ya tafi. Kafin a fara a cike masa rigakafinsa, a bincika tarin fuka, a ba shi maganin tsutsar ciki, a rubuta nauyi, tsawo da awon hawan jini. Muna jan kunne da babbar murya, wannan ba izini ba ne a je wajen ƴan tebur a sayo ƙwayoyin ƙiba da ake wa laƙabi sha-ka-fashe. Dangi ɗaya ne, amma dexamethasone ya fi prednisolone ƙarfi kusan sau shida zuwa bakwai, kuma ba shi aka gwada a wannan cutar ba.

Maganin yana da kuɗin goronsa. Yana buɗe ciki, yaro ya yi ƙiba, ƙibar kuma kaya ce a kan cinyar da ba ta da ƙarfi, don haka tun ranar farko a rage sukari, lemun kwalba, soye-soye, gishiri da dunƙulen miya, a ƙara nono, ƙwai, wake da ganye, a ba shi bitamin D in likita ya ga dacewa. Yana rage tsawo, yana sa ƙashi ya yi gautsi, yana kawo fushi da rigima musamman a makonnin farko. In abin ya yi yawa likita zai rage kashi ɗaya cikin huɗu ko cikin uku ya gani. Abin da ba a yi shi ne a tsayar farat ɗaya. Bayan ƴan makonni ana sha, jiki yakan daina yin nasa sinadarin mai kama da maganin, in aka yanke sai hawan jini ya faɗi, sukarin jini ya faɗi, yaro ya sume, har a rasa shi. A nan damina ke cin mutane. Zazzaɓi ya zo da amai, yaro ya kwana ya wuni ƙwaya ba ta zauna ba, ko kuma ta ƙare hanya ta yanke. Wanda ya yi awa 24 bai sha ba, ko yake amai ba ƙaƙƙautawa, a kai shi asibiti a yi masa allurar hydrocortisone, miligiram 100 ga wanda ya kai shekara biyu. Kuma kullum a ajiye na mako biyu a gefe, kada a jira sai kwali ya ƙare.

Tun da mun san tantanin ne ke yagewa, mun san irin motsin da ke cutarwa. Mafi muni shi ne wanda tsoka ke miƙewa tana ɗauke da nauyi, kamar saukowa daga tudu ko matakala, dirowa daga amalanke, tsallen kwaɗo, ɗaukar jarkar ruwa. Malamin da ya sa yaron nan tsallen kwaɗo don ya makara, ko baban da ke tilasta masa gudu wai don ƙafa ta yi ƙwari, ɓarna suke ƙarawa. In aka ga fitsarinsa ya koma kalar shayi bayan wahala, tsoka ce ta narke, a ba shi ruwa da yawa a kai shi a duba ƙoda. Ƙaho, tsaga da sakiya a kan sharaɓa ba abin da za su fitar, ba mugun jini ba ne a ciki, kuma yaron da ke kan prednisolone gyambonsa ba ya saurin warkewa. Zaman dirshan ma ba shi da kyau. Ya yi wasansa daidai ƙarfinsa, in ya ce ya gaji a yarda da shi.

Abin da ake so a gida shi ne miƙa gaɓoɓi, sau huɗu zuwa shida a mako, kuma uwa ko yaya za ta iya in an nuna mata sau ɗaya. A kwantar da shi rigingine, ƙafa a miƙe. Hannu ɗaya ya riƙe gwiwa kada ta lanƙwashe. Ɗaya hannun ya tallabi dunduniya a tafin hannu, tafin ƙafar yaron ya jingina a damtsen mai yi. A jawo dunduniyar ƙasa, a tura tafin ƙafar sama a hankali har a ji agara ta ɗaure, a tsaya nan a ƙirga 30, a saki, a maimaita sau uku, a koma ɗayar. Kuskuren da aka fi yi shi ne a kama ƴan yatsu a danna, sai tsakiyar ƙafa ta lanƙwashe agara kuwa ba ta ji komai ba. Kada a yi da fizga, kada a kai inda zai yi kuka. Haka za a yi wa bayan gwiwa da gaban ƙugu, na ƙugun a kife shi a danne ɗuwawu a ɗaga cinya. Da dare a sa masa takalmin roba mai riƙe idon sawu a kusurwa, irin wanda masu haɗa ƙafar roba ke yi, a sake sabo in ƙafa ta girma. Na kwana ne, in ya yi tafiya da shi faɗuwa zai ƙara yi. Kowane wata uku a ɗauki agogon waya a auna daƙiƙa nawa yake yi ya tashi daga ƙasa, nawa yake yi ya ci mita 10, a rubuta a littafi, wannan littafin ya fi wa likita amfani fiye da "da sauƙi". In ya karye, kada a bar shi makonni a kwance a hannun maɗori, domin yaron nan in ya daɗe a kwance ba lalle ya sake tashi ba. In kuma bayan faɗuwa ko karaya ya rikice ko numfashinsa ya yi sama, kitsen ɓargo ne mai yiwuwa ya shiga jini ya toshe huhu, a garzaya.

Zuciya ma tsoka ce, ita ma da distirofin take aiki. Kusan duk wanda ya kai shekara 18 zuciyarsa ta taɓu, kuma ba ya kuka da ita domin ba ya motsin da zai sa ya ji haki. A yi masa hoton zuciya lokacin da aka gano cutar, sannan kowace shekara, ko da sai an bi hanyar Ƙonni da Doso an je Yamai. A wajen shekara goma ana fara maganin kare zuciya irin su perindopril ko enalapril ko da hoton bai nuna komai ba. Uwa da ƴan'uwa mata masu ɗauke da ƙwayar su ma wasunsu zuciyarsu kan kumbura, a duba su a farkon girma, a maimaita bayan shekara uku zuwa biyar. CPK ɗin mace in ya hau alama ce, in bai hau ba bai wanke ta ba.

Bayan ya zauna a keke, ido ya koma kan baya da huhu. Kujera mai faɗi da yawa tana sa ya kwanta gefe ɗaya, ƙashin baya ya karkace ya matse huhu, don haka a cike gefe da gefe da matashi mai tauri, a sa masa matakin ƙafa. Ciwon kai da asuba, gyangyaɗi da rana, mugun mafarki da rashin cin abinci suna nuna numfashin dare ya gaza, gurɓatacciyar iska tana taruwa a jini. A nan wani kuskuren mai kisa yake: a ga numfashi ya yi ƙasa a ɗaura masa oksijin shi kaɗai a tafi. Matsalarsa rashin ƙarfin ja da turawa ce, oksijin ba tare da taimakon numfashi ba yana iya kwantar da ɗan yunƙurin da ya rage. Jakar numfashi ta hannu, wadda ake samu a ɗakin haihuwa da na tiyata, tana taimaka masa ya cika huhu, sannan a danna ƙasan haƙarƙari lokacin da zai yi tari don kaki ya fita. Tari da zazzaɓi a wurinsa ba na jira ba ne. Inda ake haɗa magungunan nan da injin numfashi na dare, samarin da a da ba sa wuce shekara 20 yanzu suna kaiwa 30. Ƙwaƙwalwa ma tana da nata gajerun nau'o'in distirofin, shi ya sa wajen ɗaya cikin uku karatu ke yi musu nauyi. Wannan ba ya ƙaruwa da shekaru, kuma saura kansu ja yake, kada a cire su daga lekol ko makarantar allo don ƙafa ta ƙi.

Masu bin labarai a waya za su ji an yi sababbin magunguna. Gaskiya ne. Tun 2016 Amurka ta amince da wanda ke sa jiki ya tsallake ekzon na 51 don karatun uku-uku ya dawo daidai, wato a mayar da Dushen ta yi kama da Beka, amma yaro wajen 13 cikin 100 kawai ya dace da shi kuma distirofin ɗin da ake samu kaɗan ne. A 2023 aka amince da wanda ke shigar da guntun ƙwayar gado ta cikin ƙwayar cuta da aka horar, kuɗinsa a lokacin dala miliyan 3.2, kusan miliyar 2 na sefa, kuma a 2025 an samu samarin da hantarsu ta gaza suka rasu bayan an yi musu. Kada mai gona ya sayar da gonarsa a kan wannan.

Saura abu ɗaya, wanda saboda shi ma kaɗai ya isa a nemi sunan cutar. Yaro mai Dushen ko Beka, har wanda bai fara nuna alama ba, maganin barcin tiyata na iya kashe shi a kan tebur. Allurar sakin jiki mai suna suxamethonium, da iskar barci irin su halothane, isoflurane da sevoflurane, suna farfasa tantanin da dama a tsage yake. Fotasiyam ya kwararo cikin jini gaba ɗaya, zuciya ta tsaya, wani lokacin ma bayan an gama aiki yana farfaɗowa. Suxamethonium haramun ne gare shi kwata-kwata, iskar kuma a kauce mata, a yi da magungunan da ake sawa ta jijiyar jini irin su propofol, ko a kashe wurin kawai in aikin ƙarami ne kamar kaciya. Ga masu sa barci, ɗa namiji da za a yi wa aikin ƙaba, wanda bai yi tafiya da wuri ba ko kawunsa ya zauna, minti ɗaya ya isa a zaunar da shi a ƙasa a ce ya tashi. Ga iyaye kuma, a sa likita ya rubuta ƴar takarda da Faransanci, sunan cutar, adadin prednisolone da yake sha, magungunan barcin da aka hana da gargaɗin oksijin. A naɗe ta a leda, a ɗinke a fata kamar laya, a rataya masa, a ɗauki hotonta a wayar uba da ta uwa.

Mun gode da filin da ka ba mu. Allah ya ƙara basira.

Naka,
Wasu ma'aikatan lafiyar yara, ɗakin awo da gashin ƙashi,
Tawa